Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masoya Star Trek Ke Husuma Kan Ɗakin Tuƙin Jirgin Enterprise?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke karatun zanen gine-gine a Zariya, kuma a 'yan watannin nan na shaƙu da wani shirin talabijin na Amurka mai dogon zango, Star Trek: Strange New Worlds, wanda labarinsa ke gudana a cikin wani jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗakin da ake tuƙa jirgin, saboda faɗinsa da sheƙinsa da yadda aka jera wuraren zaman ma'aikata. Kwanan baya kawuna, wanda ya yi karatu a Ingila a shekarun 1970 kuma ya kalli tsohon shirin a tashar BBC, ya zauna kusa da ni ina kallo, amma bai yi minti biyar ba ya ce wannan ba Enterprise ba ne, sunan kawai aka ara. Daga baya na gano cewa masoya shirin a ƙasashe da dama sun daɗe suna wannan gardama. Shin wannan ba shi ne sabo turken wawa ba? Jirgin da ba a taɓa ƙerawa ba, mene ne abin ɓacin rai don an sauya masa fenti da kujeru? Tsakanina da kawu, wa ya fi gaskiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka yanke wa kawu hukunci, ya kamata ka san abin da idonsa ya saba gani, da kuma alkawarin da masu shirin suka ɗaukar wa masu kallo irinsa na tsawon shekaru kusan 40, domin a nan ne tushen rigimar yake.

An fara nuna Star Trek a tashar NBC ranar 8 ga Satumba, 1966, aka dakatar da shi a 1969 bayan zango uku da fitowa 79. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiri labarin, amma mutumin da ya zayyana jirgin da ɗakin tuƙinsa shi ne Matt Jefferies, wanda ya yi aiki a cikin jiragen yaƙi masu jefa bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ya san yadda mutum yake zama a gaban na'ura na sa'o'i masu yawa. Da wannan sanin ya tsara ɗakin. Ya yi shi zagaye, ya sa kujerar kyaftin a tsakiya, matuƙi da mai duba hanya suna gabansa, babban allon kallo yana fuskantarsu, sauran ma'aikata kuma suna kan wani ɗan tudu da ya zagaye ɗakin, jan shinge ya raba su da tsakiya. Spock, jami'in kimiyya, yana hannun dama na kyaftin, Uhura mai kula da sadarwa tana bayansa, kusa da jar ƙofar na'urar hawa da sauka. Amfanin wannan tsari shi ne kyaftin ba ya buƙatar tashi don ya yi magana da kowa, juya kujera kawai zai yi. Kai da kake karatun zane za ka fi ni gane cewa a nan hikimar aikin take, sauran abubuwan ado ne.

Adon kuwa talauci da kasuwa ne suka haife shi. Kamfanin Desilu da ya shirya fim ɗin yana kashe ƙasa da dala 200,000 a kan kowace fitowa, don haka katako da fenti da ƙwayayen lantarki masu ƙyaftawa aka yi amfani da su, kuma ƙofofin da kake gani suna buɗe kansu, wasu ma'aikata ne da ke ɓoye a bayan bango suke janye su da hannu. An gina ɗakin gunduwa-gunduwa kamar yankan kankana, ta yadda za a iya zare gefe ɗaya a shigar da kyamara. Launuka masu kaifi, ja da rawaya da shuɗi, su ma suna da dalili: kamfanin RCA da ya mallaki NBC yana sayar da akwatunan talabijin masu kala a lokacin da yawancin gidaje ke da baƙi da fari, kuma har tallar akwatunansa ya yi da wannan shiri. Hujjar hakan tana cikin fitowar gwaji ta farko, The Cage, da aka ɗauka a ƙarshen 1964, inda ɗakin ya fi karkata ga ruwan toka kafin a ƙara masa ja daga baya. Wato tun kafin masu kallo su ga jirgin a karon farko, an riga an taɓa sauya masa kama.

Idan haka ne, za ka ce, ai kawu ba shi da hujja. Amma dakata tukuna, domin sauye-sauyen da suka biyo baya ba iri ɗaya ba ne, kuma masoya ba su karɓe su da fuska ɗaya ba.

A fim ɗin sinima na farko, wanda ya fito a Disamba 1979, an sake jirgin ciki da waje, aka kashe launuka masu kaifi aka koma masu sanyi. Wasu sun yi ƙorafin cewa ɗakin ya zama kamar asibiti, amma labarin da kansa ya ba su amsa, domin an faɗa a ciki cewa jirgin ya yi watanni 18 ana yi masa garambawul. A 1987 aka zo da sabon shirin talabijin, The Next Generation, aka shimfiɗa wa ɗakin tuƙi kafet, aka sa kujeru masu laushi da wani lanƙwasasshen katako a bayan kyaftin, har aka riƙa yi masa ba'a da cewa falon karɓar baƙi ne na otal. Shi ma yana da mafita, saboda wani jirgi ne dabam mai lamba D, kuma labarin ya matsa gaba da kusan shekara 100. A 2009 darakta J.J. Abrams ya fito da ɗaki fari fat mai gilasai, wanda masu kallo suka laƙaba wa suna shagon Apple, ga haske yana dukan idon kyamara har shi kansa daraktan ya amsa daga baya cewa ya wuce gona da iri. Sashen injin jirgin kuma a wata masana'antar giya ta Budweiser da ke Van Nuys a jihar Kalifoniya aka ɗauke shi, manyan tankuna da bututu a fili, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai. Duk da haka fim ɗin ya bayyana cewa wani ya dawo daga zamani mai zuwa ya karkatar da tarihi, don haka wannan wata hanya ce dabam da ta rabu da ta asali. A duk waɗannan lokuta uku an bar wa mai son tsohon ɗaki abinsa, ba a ce masa idonsa ya yi ƙarya ba.

Ban da haka, sau uku masu shirin suka koma wa tsohon ɗakin da gangan suka nuna shi yadda yake, ba tare da gyara ba. A 1992, cikin fitowar Relics ta shirin The Next Generation, tsohon injiniya Scotty ya roƙi kwamfuta ta nuna masa ɗakin tuƙin jirginsa na asali, ba mai lamba A ko B ko C ko D ba, ya zauna a ciki shi kaɗai yana begen abokan aikinsa. Saboda ƙarancin kuɗi gefe ɗaya kawai aka gina, aka cike sauran da tsohon hoto, kujerar kyaftin da teburin matuƙi kuma daga hannun wani masoyin shirin da ya ƙera su da kansa aka samo su. A 1996, lokacin bikin cika shekara 30, shirin Deep Space Nine ya cusa 'yan wasansa cikin ainihin hotunan da aka ɗauka a 1967, suna tafiya a lungunan jirgin suna yaba fasalinsa kamar masu ziyarar kayan tarihi. A 2005 kuma wani shirin mai suna Star Trek: Enterprise ya sake gina irin wannan ɗaki daki-daki don jirgin Defiant, ɗan'uwan Enterprise. Saƙon da mai kallo ya ɗauka daga waɗannan fitowa uku a bayyane yake: abin da ka gani a 1966 haka yake a cikin tarihin labarin, da maɓallansa masu kama da alewa da komai.

Wannan alkawari ne aka warware daga 2017, lokacin da shirin Discovery ya fito. An ce labarinsa ya faru kimanin shekara 10 kafin Kyaftin Kirk, shugaban jirgin Enterprise a tsohon shirin, kuma a kan hanyar tarihi ta asali, amma jiragensa suna da faɗi da duhu da hotunan mutane masu tsayawa a iska, abubuwan da jirgin Kirk bai taɓa mallaka ba. A Fabrairu 2018 aka nuna Enterprise da sabuwar siffa daga waje, a Afrilu 2019 aka shiga ɗakin tuƙinsa, sannan a Mayu 2022 Strange New Worlds ya mai da shi gidansa, tare da Anson Mount a matsayin Kyaftin Pike, wanda ya riƙe jirgin kafin Kirk. A wannan karon babu garambawul, babu sabon jirgi, babu karkataccen tarihi. An ce wa kawu wannan shi ne ɗakin da ya sani, alhali ya fi na da girma, ƙasansa tana sheƙi kamar madubi, allunansa kuma sun cika bango. Har ma a ƙarshen zangon farko aka sake ba da labarin wata sananniyar fitowa ta 1966, Balance of Terror, a cikin sabon ɗakin, wanda ke nufin cewa a wurin masu shirin sabon ya maye gurbin tsohon ke nan.

Ka kwatanta da mutumin da ya girma a gidan gado, ya san zauren da kakansa ke zama, ya san gefen da ake ajiye buzu da inda baƙo ke tuɓe takalmi. Idan ya dawo ya tarar an rushe zauren ƙasa an yi na siminti, zai iya jin zafi, amma zai haƙura tunda ya san damina tana cin gini. Abin da ba zai lamunta ba shi ne a dube shi a ce ai tun fil azal da siminti aka yi zauren. Yawancin masu ƙorafin da kake gani wannan magana ta biyu ce ke damunsu, ko da bakinsu yana ambaton fenti da fitilu.

Su ma masu shirin sun san da wannan, shi ya sa suke ta yin faci. A zango na biyu na Discovery an sa Pike ya ba da umarnin a cire na'urorin hotunan iska daga jirginsa gaba ɗaya, don a bayyana dalilin da ya sa Kirk bai gaje su ba. A wata fitowa ta Maris 2019 kuma sun buɗe da ainihin hotunan The Cage na 1964 a matsayin tunatarwa kan abin da ya gabata, sannan suka sauya daga fuskar Jeffrey Hunter, Pike na farko, zuwa ta Anson Mount, kamar masu cewa labari ɗaya ne, masu ba da shi ne suka bambanta. Su kuma masoya da ke son sulhu suna kawo tasu dabarar. Misali, da aka yi surutu kan ɗakin kwanan Pike mai murhun jin ɗumi da madafa inda yake dafa wa ma'aikatansa abinci, alhali na Kirk ɗan ƙuƙumi ne, sai suka tuna cewa a zamanin Pike mutum 203 ne a jirgin, a zamanin Kirk kuwa sun haura 400, don haka dole a rage wa kowa wuri.

Ra'ayina, tunda ka tambaya, shi ne kawu yana da gaskiya a kan alkawarin da aka saɓa, kai kuma kana da gaskiya a kan ingancin aikin. Cikin duk sababbin ɗakunan da aka yi tun 2009, na Strange New Worlds ne ya fi samun karɓuwa har a wurin tsofaffin masoya, kuma ina ganin dalilin bai wuce cewa masu zayyana shi, Tamara Deverell da ta fara a Discovery da Jonathan Lee da ya ci gaba, sun bar ƙashin bayan tsarin Jefferies yadda yake ba. Kujerar kyaftin tana tsakiya, mutum biyu suna gabanta, shingen yana nan da jansa, Spock da Uhura suna wuraren da aka san su. Inda nake tare da masu suka shi ne batun girma. Tsohon ɗakin ƙunci ne ya ba shi armashi, domin Kirk yana iya miƙa hannu ya dafa shinge ya yi wa Spock magana ƙasa-ƙasa, mai kallo ya ji cewa waɗannan mutane suna cikin kwalekwale ɗaya a tsakiyar duhu. Da ɗaki ya faɗaɗa, sai 'yan wasa su koma ɗaga murya daga nesa, wani abu na kusanci ya ragu. Ka nuna wa kawu fitowa biyu ko uku a jere, ka roƙe shi ya lura da wurin zaman kowa, sannan kai ma ka nemi tsohon ka kalla tare da shi ba tare da dariyar maɓallan ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce daga Maraɗi. Na ji ana cewa doka ce ta tilasta wa masu sabon shirin su sauya siffar jirgin da kashi 25 cikin 100, wai saboda ba su da ikon mallakar tsohon zanen. Gaskiya ne?

AMSA: Barka kadai, Malama. Maganar tana da asali, amma ba ta tabbata ba. A 2018 John Eaves, ɗaya daga cikin masu zanen da suka sake fasalin jirgin don Discovery, ya rubuta a Facebook cewa an umarce su su bambanta shi da na asali da kimanin kashi 25 cikin 100, kuma mutane suka fahimci cewa dalilin shari'a ne. Abin ya yi saurin yaɗuwa saboda a lokacin haƙƙin shirin ya rabu gida biyu tun 2006, talabijin yana hannun kamfanin CBS, finafinan sinima kuma suna hannun kamfanin Paramount. Sai dai CBS ta fito ta ce ita ce mai zanen jirgin na asali, kuma sauyin da aka yi zaɓi ne na masu shiryawa don ya dace da fasahar ɗaukar hoto ta yanzu. Kamfanonin biyu sun sake haɗewa a Disamba 2019, kuma Strange New Worlds da ya zo bayan haka bai koma tsohuwar siffa ba, wanda ya isa ya nuna miki cewa ba doka ce ta ɗaure musu hannu ba. Jita-jitar ta daɗe ne saboda ta fi daɗin ji ga wanda ransa ya ɓaci, tunda ya fi sauƙi mutum ya ɗora laifi a kan lauyoyi da ya yarda cewa masu shirin da kansu ne suka ga tsohon ɗakin ya tsufa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni kafinta ne a Kaduna, kuma ina yi wa masu shirya fim aikin katako lokaci-lokaci. Tambayata ta sana'a ce. Idan mutane suna son tsohon ɗakin haka, me zai hana a ɗauko awonsa a sake buga shi sak, kowa ya huta?

AMSA: Allah ya taimaki maigida. Bugawa ba ta gagara ba, kuma an yi ta. A garin Ticonderoga da ke jihar New York, wani masoyin shirin mai suna James Cawley ya sake gina ɗakunan 1966 gaba ɗaya bisa zanen asali, da jerin da suke a dandalin Desilu, kuma tun 2016 yake da lasisin CBS na karɓar masu ziyara. William Shatner, wanda ya fito a matsayin Kirk, ya sha zuwa wurin. Saboda haka awo yana nan, gwanaye ma suna nan.

Matsalar tana wurin kyamara da idon mai kallo. An yi tsohon ɗakin ne don akwatin talabijin na wancan zamani, ƙarami mai hoto dishi-dishi, wanda ke ɓoye haɗin katako da shatin burushi. Kai ka fi kowa sanin cewa aikin da zai wuce a hasken fitilar ƙwai ba zai wuce da tsakar rana ba. Da aka sabunta hotunan tsohon shirin a 2006 don manyan akwatuna masu tsabtar hoto, sai ga abubuwan da ba a yi nufin kowa ya gani ba sun fito fili. Sannan akwai matashin da ke riƙe da wayar da ta fi duk allunan jirgin Kirk iya aiki, wanda zai yi wuya ka gamsar da shi cewa ƙwayayen lantarki masu ƙyaftawa su ne fasahar ƙarni na 23. Fitowa ɗaya ta tunawa da baya tana iya ɗaukar wannan, amma shirin da za a yi shekaru ana yi, kuma ana kashe masa miliyoyin daloli a kowace fitowa, masu kuɗin ba za su yarda ba.

Inda aka gwada shawararka sosai shi ne a 2023, a zango na uku na shirin Picard, mai ɗauke da sunan kyaftin ɗin The Next Generation, amma da ɗakin 1987 mai kafet, wanda aka riga aka wargaza bayan fim ɗin Generations na 1994. Dave Blass ne ya jagoranci aikin, tare da Michael Okuda da matarsa Denise, waɗanda suka yi aiki a tsofaffin shirye-shiryen kuma suka san kowane allo. Cikakken awo bai wadatar ba, don haka sai da suka riƙa auna tsofaffin hotuna ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ba su wahala, kuma zai ba ka sha'awa, shi ne lanƙwasasshen katakon nan na bayan kujerar kyaftin, saboda lanƙwasarsa ba ta tafiya a layi ɗaya, sai kuma neman kafet mai launin asali wanda aka daɗe da daina saƙawa. Aikin ya ci kusan wata uku, ɗaukar hoton a cikinsa kuwa kwana biyu kacal aka yi. Da aka nuna fitowar a Afrilu 2023, tsofaffin 'yan wasan suka shigo ɗakin fitilu suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, masu kallo da yawa suka ce sun yi hawaye, kuma Kyaftin Picard da bakinsa ya ce abin da ya fi kewa shi ne kafet ɗin, wato dai kafet ɗin da aka yi wa dariyar falon otal shekara 36 kafin nan.